Amsa ga Yaya: yadda ake fitar da tsohon maiko daga injin awon harsashi

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Ka ce ka ga hoton ƙarfe ana dafa shi a tukunya, an ce maka aikin maharban Amurka ne, kana tambaya ko wani siddabaru ne. Wanki ne kawai.

A nan Amurka doka ta bar mutum ya haɗa harsashin da zai yi amfani da shi da kansa, in dai an yarda ya riƙe bindiga. Sayarwa kuwa sai da lasisi. A gida ba haka abin yake ba, don haka wannan bayani ne na yadda mutanen nan suke yi. Masu farauta da masu gasar harbi sukan narka dalma su zuba a mazubi. Ƙwayar da ta fito ba ta cika zama daidai ba, sai an bi da ita ta wani inji mai hannu da ake ɗaurewa a teburi, ya matse ta zuwa kaurin da ake so, misali inci 0.358 ko 0.452, ya kuma cusa maiko a tsagin da ke kewaye da ita, don kada dalma ta riƙa manne wa cikin bindiga. Injinan da aka fi sani su ne Lyman 450 da 4500, da RCBS Lube-A-Matic, da Star.

Maikon ba giris ɗin mota ba ne. Tsohon haɗin da kowa ya sani rabi kakin zuma ne, rabi wani mai da ake kira Alox. Yana zuwa kamar kyandir mai tsawon inci 4, kauri inci 1, na Lyman da RCBS da rami a tsakiya saboda dogon sukurun da ya ratsa ma'ajiyar maikon a cikin injin. Idan aka juya sukurun, fistin, wato abin turawa da ke cikin ma'ajiyar, ya sauko ya danne maikon, ya bi ta wata 'yar hanya zuwa bututun awo, wato wanda ke matse harsashin, ya fito ta ƙananan hudojin jikinsa.

Ba kullum ake wankin ba. In maiko iri ɗaya mutum yake sawa, sabo yana tura tsoho, shi ke nan. Ana wanki ne idan za a koma daga mai tauri zuwa mai laushi, ko aka sayi inji na hannu da ya shekara goma a gareji, maikonsa ya yi baƙi ya bushe kamar tsohon sabulu. Irin waɗannan sun yi yawa yanzu, tunda mutane da dama sun koma shafa wa harsashi garin fenti suna gasawa. Idan aka haɗa mai tauri da mai laushi, mai laushin yakan kurɗa ya wuce, mai taurin ya toshe hanya, tsagi ya fito rabi cike rabi wayam. Mai injin sai ya ƙara murɗa sukuru, matsi ya yi yawa, maiko ya ɓullo ta ƙasa.

Abin da ke fitar da shi zafi ne, ƙarfi ba ya yi. Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 63, saboda haka ba a bukatar wuta mai yawa. Da farko a ɗumama jikin injin da na'urar busar da gashi, minti goma ko sha biyar, har ya yi zafin da hannu ba zai daɗe a kai ba. Sannan a juya sukurun baya har fistin ya hau sama a zare shi. Wanda ya ja fistin da sanyi yakan yaga zobban robar da ke jikinsa. Sai a kwance notin da ya riƙe bututun awo, a turo bututun sama da hannun injin. A kwance injin daga teburi, a kife shi a kan gwangwani, a ci gaba da hura masa zafi, yawancin maikon zai tsiyaye da kansa.

Daga nan ne tukunyar da ka gani take shigowa. A cire hita idan injin yana da ita, da mariƙin katako ko na roba, a nutsar da gangar jikin injin a ruwa, a bar shi ya tafasa kamar minti ashirin. Maikon da ya maƙale a hanyar ciki, inda tsinke ba ya kaiwa, zai narke ya taso sama. Kuskuren sabon shiga shi ne ya ciro injin nan take, ya ratso ta cikin maikon da ke yawo a kan ruwan, ya sake shafe shi tun daga sama har ƙasa. A kashe wuta, a bar ruwan ya huce, maikon zai daskare ya zama faifai a ɗauke shi da hannu. Sai a sake tafasawa a sabon ruwa, a ciro injin da zafinsa don ya bushe da kansa. Na Lyman da RCBS ƙarfen zubi ne, kafin la'asar tsatsa ta fara yi masa ja idan aka bar shi tsirara, don haka a shafa masa man keke tun yana da ɗumi. Tukunyar kuma ta bar kicin har abada, saboda gubar dalma, kuma ba a zuba ruwan maiko mai zafi a magudanar gida, zai daskare ya toshe fayif.

Bututun awo shi ne ya fi son lallaɓa, domin bambancinsa da wani bututun kashi ɗaya ne cikin dubu na inci. A ɗumama shi, a turo sandar da ke cikinsa waje, a jiƙa su a kananzir na dare ɗaya, a bi hudojin da tsinken sakace ko wayar tagulla. Ƙusa ko allurar ƙarfe tana barin ƙaya a bakin huda, kowane harsashi ya fito da zane a jiki. Fetur ba ya cikin aikin nan sam, balle ga wuta a kusa. Mai Star kuma ya lura, wasu hudojin da gangan aka toshe su da 'yan ƙwayoyin dalma don maiko ya faɗa daidai tsagi, kada ya tsokale su.

Wajen mayarwa, a sa sababbin zobban roba, har da na murfin ƙasa a Lyman 450, wanda shi ne ya fi yoyo. A wanke zaren notin bututu da tsohon buroshin haƙori. Zaren siriri ne, ɗan maiko kaɗan yakan sa noti ya hau a karkace, kuma in zaren gangar ya cinye gyaransa da wuya. A fara ɗaura shi da yatsu, sai ya zauna sannan a sa sifana. Harsashi goma na farko kan fito da tsagi ba cikakke ba saboda iskar da ke ciki, a sake bi da su. In an tashi daga aiki, a sassauta sukurun zagaye ɗaya ko biyu, in ba haka ba da safe za a tarar da maiko ya zubo kamar taliya a kan teburi.

A gaida Inna da yara.