Tambaya da Amsa: Yaya injuna ke raba aiki ba tare da shugaba ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, an ce mana akwai masana'antun da ƙananan manhajoji ke tsara jadawalin aiki a tsakaninsu, babu kwamfuta guda mai ba da umarni. Yaya suke yi ba su ci karo ba? Daga wani ɗalibin injiniyanci a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Gwanjo suke yi. Kowane inji yana da manhajarsa, wadda ake kira wakili, kuma wakilin ya san abin da injinsa ke iyawa da aikin da ke jiransa. Tsarin da ya fi shahara shi ne Contract Net, wanda Reid Smith ya wallafa a 1980: mai aiki a hannu ya yi shela, masu iyawa su taya, a sallama wa wanda tayinsa ya fi.

An yi amfani da irin wannan gwanjo a masana'antar motocin General Motors da ke Fort Wayne a Amurka, inda injiniya Dick Morley ya sa ɗakunan fenti su riƙa taya motocin da ke fitowa. Sauya launi yana da tsada, domin sai an wanke bututu da bakin feshi, ga asarar fenti ga ɓata lokaci. Saboda haka kowane ɗaki yana duba launin da ke bututunsa da tsawon layinsa kafin ya taya. Ɗakin da ya lalace kuwa sai kawai ya daina tayi, sauran su kwashe aikin.

Gwanintar duk tana cikin lissafin tayin. A ce fentin mota minti 3 ne, sauya launi minti 5, ga kuma mota tana son fari. Ɗaki na farko fari yake fesawa, motoci 3 na layinsa: zai gama a minti 12. Na biyu ja yake fesawa, mota 1 ke gabansa: minti 11. In lokaci kaɗai aka duba, na biyu ya ci, an zubar da fenti don ribar minti guda. Ka ƙimanta asarar fentin da minti 4, tayinsa ya koma 15, aiki ya tafi inda ya dace. Amma kada ka tsawwala, in ba haka ba fararen motoci su cunkushe ɗaki ɗaya, sauran na zaman banza. Shi ya sa ake kayyade tsawon layi.

Karon da ka tambaya yana faruwa. Wakili ya taya ayyuka biyu da gurbin lokaci ɗaya, ya cinye duka biyun. Maganinsa, ya riƙe gurbin da zarar ya taya, ya sake shi in bai ci ba. Kowace shela kuma a yanka mata wa'adi, don kada saƙo ɗaya da ya ɓace ya tsayar da layi. Sannan a aika ta ga injunan da ke iya aikin kaɗai, domin shela ga kowa tana cika hanyar sadarwa da saƙonni.

Sai dai wakili gabansa kawai yake gani, don haka jadawalin ba lallai ya zama mafi kyau ba. Inda aiki ba ya canzawa, tsari daga cibiya ɗaya yakan fi shi. Inda injuna ke yawan lalacewa ko oda ke faɗowa ba zato, gwanjo nake ba da shawara.

In kana son gwadawa, sauke JADE, manhajar gina wakilai, kyauta ce, da harshen kwamfuta na Java ake rubuta wakilanta, kuma Contract Net yana ciki. Fara da injuna 3 da ayyuka 20, ka kashe inji ɗaya ana tsakiyar aiki, ka ga wa zai ɗauki kayansa.