Tambaya da Amsa: Akwai ma'ajiyar intanet mara iyaka da zan zuba hotuna da bidiyon biki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, barka da ƙoƙari. Ni mai ɗaukar hoto da bidiyo ne a nan Tudun Wada Zariya, bikin aure, kamu, walima, saukar karatu, har hawan sallah ina ɗauka. Yanzu haka ina da aiki ya kai tera 4 (tera ɗaya giga 1,000 ne) a had-dis guda uku, kuma watan jiya ɗaya ya fara wata ƙara ƙas-ƙas daga nan bai sake buɗewa ba, wata amarya tana ta kirana akan bidiyonta na rasa me zan ce mata. Ina ganin talla ana cewa akwai ma'ajiyar intanet "anlimited" wadda ba ta cika, wani abokina kuma ya ce Telegram kyauta ce in zuba komai a can. Dan Allah wacce zan zaɓa wadda ba za ta cika ba kuma kuɗinta da sauƙi?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya mayar da alheri. Kafin komai, wannan had-dis ɗin da ya yi ƙara ka daina jona shi, duk jonawar da kake yi kana gwadawa ko zai tashi ƙara cinye cikinsa kake, ka ajiye shi gefe har ka samu mai gyaran da ya san harkar ciro bayanai, kuma kar ka bari wani ya kwance shi akan benci a cikin ƙurar nan tamu.

Toh maganar anlimited, ni dai duk wanda ya zo shagona a Samaru da ita abu ɗaya nake faɗa masa, ma'ajiyar intanet ba sararin samaniya ba ce, had-dis ne na wani kamfani jere a wani ƙaton gini, yana biyan wuta yana biyan sanyaya su yana canza waɗanda suka mutu. Rumbun haya ne. Mai rumbu in ya ce maka zuba ko nawa ne kuɗin ɗaya ne, to ya yi lissafin cewa yawancin mutane buhu biyu uku za su kawo, ranar da masu tirela suka gano wurin kuwa doka za ta canza. Kuma ba hasashe nake ba, abin ya faru ya sake faruwa.

Microsoft a 2014 sun ce masu biyan Office 365 sun samu ma'ajiyarsu ta OneDrive mara iyaka, shekara ɗaya kacal a ƙarshen 2015 suka janye, suka ce ai wasu sun zuba abin da ya haura tera 75 su kaɗai, aka mayar da kowa tera 1, har masu na kyauta ma abin ya shafa aka rage musu daga giga 15 zuwa giga 5. Amazon sun fito da nasu a 2015 akan kusan dala 60 a shekara, 2017 suka soke shi, ƙarshen 2023 ma suka rufe Amazon Drive ɗin gaba ɗaya. Google Photos da kowa ya saba yana zuba hotuna ba lissafi, ranar 1 ga Yuni 2021 garaɓasar ta ƙare, duk abin da ka ɗora daga ranar yana cin giga 15 ɗinka, wadda kuma ita ce dai Gmail da Drive suke ci. Makarantu da jami'o'i da Google ta ba wa mara iyaka, a 2022 aka yanke musu tera 100 makaranta guda ta raba tsakanin malamai da ɗalibai, shi ya sa nake jan kunnen ɗaliban jami'ar ABU na Samaru da Kongo da suke zuba furojet da hotunan rayuwarsu a imel ɗin makaranta, balle masu sayen irin wannan akawun a hannun wani a intanet wai anlimited ne na har abada akan 'yan kuɗi kaɗan, wannan kam gidan wani ka kai kayanka ba da sanin mai gidan ba, ranar da aka yi shara da kayanka za a haɗa. Dropbox su ne suka ɗan daɗe da tsarinsu na kamfanoni, su ma a Agustan 2023 suka ce sun gaji, wasu na haƙar kuɗin intanet na kirifto da shi wasu na yanka shi suna sayarwa. Kaga manyan kenan, ba wai ƙananan da ba a san ofishinsu ba.

Wanda ya rage da za a iya kiransa mara iyaka da gaskiyarsa shi ne irin Backblaze, kusan dala 100 a shekara kwamfuta ɗaya, amma ka fahimci aikinsa da kyau don anan mutane suke ƙonewa. Shi madubi ne na kwamfutarka, abin da yake kanta da had-dis ɗin da kake jona mata shi yake kwafewa. In ka goge abu a wajenka don ka samu fili, bayan wani lokaci shi ma zai goge nasa, ƙa'idarsu ta asali kwana 30 ce duk da akwai inda ake tsawaita ta, haka had-dis ɗin da ka jefa a durowa ka manta ba ka jona ba, zai ɗauka ka rabu da shi ne. Kai kuma daga yadda ka yi tambayar na fahimci so kake ka zuba ka goge na hannunka, to wannan ba zai maka wannan aikin ba. Amfaninsa shi ne irin ranar da ta same ka watan jiya.

Yanzu bari mu zo inda gizo yake saƙar, domin ko da an ba ka rumbun da ba ya cika kyauta, ta wace hanya kayan za su isa can? Iyakarka ta gaskiya tana nan Zariya, data ce da sabis da wuta. Ɗorawa kullum ta fi saukewa nauyi, mu ce sabis ya yi maka kirki kana ɗorawa da gudun megabit 5 a daƙiƙa ba yankewa, tera 1 zai ci awa 444, wato kwana 18 da rabi dare da rana laftof a kunne, tera 4 ɗinka kuwa ya haura wata biyu, kuma wannan lissafin na wanda NEPA ba ta ɗauke masa ba, batirin inbata bai sauka ba, sabis bai yi irin guduwar da yake yi da magariba ba. Sannan tera 4 giga 4,000 ne na data, ka ɗauki farashin giga ɗaya a layin da kake amfani da shi ka ninka, musamman tun da hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a farkon 2025, za ka ga kuɗin ya sayi sabbin had-dis da canji. Kuma ranar da kake buƙatar kayan sai ka sake biyan wata datar ka sauke. Su kansu masu sayar da data anlimited ɗin ka duba ƙananan rubutun da ke ƙasa, yawanci in ka kai wani adadi sai a rage maka gudu ya koma tafiyar kunkuru.

Saboda haka ni da zan zauna a kujerarka ba komai zan ɗora ba. Bidiyon 4K da kamara ke ɗauka akan megabit 100 awa ɗaya giga 45 ne, biki ɗaya in an haɗa kamu da ɗaurin aure da dina da kai amarya sai ka ga ɗanyen ya tasar ma giga 200 ko fiye, alhali wanda ka tace ka miƙa wa masu biki bai fi giga 10 zuwa 15 ba. Tataccen nan da zaɓaɓɓun hotuna su ne mutuncinka, su amarya za ta kira ka akai bayan shekara uku in wayarta ta faɗa ruwa, su za ka kai intanet. Ɗanyen kuma had-dis biyu, kwafi ɗaya a shago ɗaya a gida, ba duka a jaka ɗaya ba da za a fizge a Kwangila lokaci guda. Masu harkar ma suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1, kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya a nesa da sauran. Kuma ka fara faɗa wa kwastoma tun ranar ciniki cewa ɗanyen aiki wata shida ko shekara kake riƙewa, mai son a ajiye masa fiye da haka ya kawo filashinsa ko ya ƙara kuɗi, ba rowa ba ce, ajiya kuɗi take ci.

In ka yi haka za ka ga tera 1 ko 2 ya ishe ka shekaru, kuma anan zaɓin ya yi sauƙi. Google One, wato tsarin ajiyar Google na biya, yana da giga 100 da 200 da tera 2, ana raba shi da mutum biyar, kuma ga mai sana'a irinka na fi karkata can saboda dalili ɗaya, kusan duk kwastomanka Android ce a hannunsu da Gmail a kai, ka tura musu link su buɗe ba sai ka koya wa kowa komai ba. Microsoft 365 tera 1 ne haɗe da Word da Excel, na iyali kuma mutum shida kowa da tera 1 nasa, in kuna da ƙungiya ta masu hoto da kuka yarda da juna wannan yana da sauƙi in an raba kuɗin, sai dai wanda ya biya shi ke riƙe da wuƙa da nama, in kun ɓata ya cire ka. MEGA suna ba da giga 20 kyauta kuma a kulle kayanka suke tun daga na'urarka, su kansu ba sa gani, wannan yana da kyau ga hotunan kamu da na mata a cikin gida da bai kamata idon kowa ya kai ba, amma in ka manta faswod kuma ba ka adana makullin dawo da akawun da suke bayarwa ba, shikenan, ba mai buɗe maka. iCloud giga 5 ne kyauta, in ba kayan Apple kake aiki da su ba ka ƙyale shi.

Telegram da abokinka ya faɗa, eh gaskiya ne ba su sa iyakar jimilla ba, fayil ɗaya dai kar ya wuce giga 2, masu biya giga 4, kuma ni ma ina jefa abubuwa a can don saurin turawa. Amma ba su taɓa yi maka alƙawarin ajiya ba, manhajar hira ce, akawun ɗin a ɗaure yake da lambar wayarka, in layin ya ɓata ko aka rufe shi akan maganar NIN ko ka daɗe ba ka amfani da shi kamfani ya sayar wa wani, kana cikin matsala, sannan akwai saitin da yake goge akawun da kansa in ka yi watanni ba ka leƙa ba, da yawa ba su ma san yana kunne ba. In an kulle ka kuma ba ofishin da za ka je ka yi magiya. TeraBox mai tera 1 kyauta shi kuma talla ce take biyan kuɗin, saukewa a hankali sai ka biya, ni dai fim ko abin da in ya ɓata ba zan yi kuka ba zan iya sa wa, amma hoton matar wani da aka ba ni amana, a'a.

Kafin ka biya ko wanne, abin da mutane ba sa tambaya shi ne yaya zan fita, da kuma me zai faru in wata ya zo ban biya ba. Wannan na biyun ya shafe mu sosai saboda katin naira yau ya wuce gobe a ce an ƙi, kuma wanda ake biya da dala duk motsin da canji ya yi a aljihunka zai sauka. A Google in biya ya tsaya kuma kayanka sun fi giga 15 ba nan take suke gogewa ba, amma ɗorawa ta tsaya, imel ma ya daina shiga da fita, in aka daɗe a haka kuma suna da damar gogewa. Shi ya sa in da hali ka biya na shekara lokacin da aiki ya buɗe, bayan sallah ko ƙarshen shekara da bukukuwa suke yawa, ka huta. Maganar fita kuma Google suna da Takeout da zai tattara maka komai ka sauke, duk wanda ka duba ba ka ga hanyar kwashe kayanka gaba ɗaya ba sai ɗaya bayan ɗaya, kar ka fara.

Wasu ƙananan abubuwa da suke ba mutane mamaki, tun 2024 bakap ɗin WhatsApp a Android ya koma cin filin Google ɗinka, kuma kai da kwastomomi ke turo wa bidiyo kullum zai iya cinye giga 15 shi kaɗai, gara ka buɗe Gmail daban na sana'a. Amma kar ka buɗe ka manta da shi, tun Disambar 2023 Google na iya goge akawun da ya shekara 2 ba a taɓa ba. Sannan in ka sa manhajar Drive ko OneDrive a laftof ka sani folda ɗin a haɗe take da ta sama, yaron shago ya goge a nan to can ma ta tafi kwandon shara, kuma kwana 30 take yi a ciki kafin ta ɓace, don haka tsofaffin ayyuka ka ɗora su ta burawuza a folda da ba ta haɗe da laftof ɗin shago. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan faswod sai an sake tabbatar da kai ne ta wayarka, lambobin ko-ta-kwana da za su ba ka ka rubuta a takarda ka sa inda kake ajiye takardun gida.

Ita kuma amarya ka kira ta da kanka ka faɗa mata gaskiyar abin da ya faru kafin ta ji a bakin wani, kuma ka duba memorin kamarar da ka yi aikin da shi, ko ka yi fomatin ɗinsa in dai ba ka ɗauki wani abu mai yawa a kai ba sau tari ana ciro bidiyon da manhaja irin PhotoRec, kyauta ce, ka cire memorin daga kamara yau ɗin nan kar ka sake ɗaukar komai da shi sai an gwada.