Shin teburan finbol ɗin da na saya za su bi ni zuwa PS5?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Tun ina yaro nake son finbol, wasan nan da ake harba ƙwallon ƙarfe a kan tebur ana tare shi da fikafikai biyu kada ya zurare. Da Space Cadet na Windows XP na fara, lokacin da muke zuwa kafe. Yanzu ina da PS4, kuma na kashe kuɗi sosai wajen sayen tebura a Pinball FX3. Ina shirin komawa PS5, sai wani abokina ya ce kuɗina sun bi ruwa, sai na sake saye daga farko. Gaskiya ne? Kuma a ganinka wasannin nan suna da makoma kuwa, ko duk sabuwar na'urar da ta fito haka za a riƙa yi mana? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka ya faɗi rabi ya bar rabi. PS5 tana karɓar kusan duk wasannin PS4, har da Pinball FX3. In ka shiga da akawun ɗin da ka yi sayayya da shi, za ka sake sauke wasan da teburanka, ka ci gaba da bugawa ba tare da ka biya ko kwabo ba. Inda maganarsa ta zama gaskiya shi ne idan kana son sabon wasan, wanda kamfanin Zen Studios ya fitar a kan PlayStation da Xbox a watan Fabrairun 2023 da sunan Pinball FX kawai, babu lamba. A can, mafi yawan teburan da ka mallaka a FX3 sai ka sake saye.

Abin da ya sa wannan ya ɓata wa mutane rai shi ne kamfanin bai saba musu da haka ba. Zen, wanda yake birnin Budafes na ƙasar Hungari, ya fara da Pinball FX a kan Xbox 360 a 2007. Da aka tashi daga PS3 zuwa PS4, ya bar masu wasansa na Zen Pinball 2 su kwashe teburansu kyauta. Da FX3 ya fito a 2017, haka aka sake yi, in ban da 'yan tebura kaɗan da lasisinsu ya hana. Shekara da shekaru mutum na tara tebura da tunanin duk inda ya je za su bi shi. Sai a 2022 aka buɗe sabon wasan a shagon Epic na kwamfuta, aka ce wannan karon babu gado. Hujjar kamfanin ita ce ya bar tsohon injin manhaja da yake gina wasanninsa a kai ya koma Unreal Engine, don haka kowane tebur sai da aka sake masa aiki. An yi wa tsofaffin masu saye ragi, an kuma ɓullo da Pinball Pass, inda kake biyan kuɗin wata ko na shekara a buɗe maka yawancin tebura. Ni dai ban ɗauki hujjar ƙarya ba, aiki an yi shi. Amma wanda ya sayi teburin Medieval Madness sau biyu a hannun kamfani ɗaya yana da haƙƙin ya yi tsaki.

Sai dai in kana tambayar makoma, canjin inji ƙaramin abu ne. Babbar maganar ita ce lasisi, kuma a nan finbol ya bambanta da sauran wasannin gem.

Teburan da masoya suka fi nema ba a kwamfuta aka ƙirƙire su ba. Injina ne na katako da ƙarfe da waya, waɗanda kamfanonin Shikago irin su Williams da Bally da Gottlieb suka ƙera don shagunan shaƙatawa na Amurka. The Addams Family na 1992 shi ne wanda aka fi sayarwa a tarihi, sama da guda 20,000. A 1999 Williams ya rufe sashen finbol ɗinsa ya koma ƙera injinan caca, amma sunayen teburan Williams da Bally da zanensu da manhajarsu suna nan a hannun magadansa, wato kamfanin da a yau ake kira Light & Wonder. Duk mai son ya kwaikwayi ɗaya daga cikin teburan a gem, sai ya ƙulla yarjejeniya da su, kuma yarjejeniyar tana da wa'adi. In teburin na wani fim ne, ga lasisin masu fim, ga na waƙar da ke ciki, wani lokaci har da na fuska da muryar ɗan wasan da aka zana a jiki. Tebur ɗaya, masu haƙƙi uku ko huɗu, kowa da ranar da takardarsa za ta ƙare.

An ga ƙarshen wannan ƙarara a kan The Pinball Arcade na kamfanin FarSight Studios da ke Kalifoniya. Tun 2012 suke sayen injina na gaske, su kwance su, su ɗauki hoton kowane sashe, su gina kwafinsa. Da tsadar lasisi ta fi ƙarfinsu, sai suka miƙa ƙoƙon bara ga masoya ta shafin tara kuɗi na Kickstarter, kuma da kuɗin jama'a aka kawo Twilight Zone da Star Trek: The Next Generation da Terminator 2 da The Addams Family. Ranar 30 ga Yuni 2018 lasisin Williams da Bally ya ƙare, ba a sabunta musu ba. Tebura kusan sittin suka ɓace daga shago. Wanda ya riga ya saya an bar masa abinsa, wanda ya makara kuwa shi ke nan. Kafin shekarar ta fita sai ga lasisin a hannun Zen, ya fara fitar da teburan nan ɗin dai kaɗan-kaɗan, Fish Tales kyauta, sauran da kuɗi. Wasu daga cikin waɗanda FarSight ya yi sai da aka shekara biyar kafin su dawo kasuwa.

Don haka abin da kake biya ya fi kama da hayar shago a kasuwa: kai ne a ciki, kayanka ne a ciki, amma filin na wani ne, kuma wanda ya ba ka hayar shi ma haya ya karɓa.

Ga kuma shagunan su kansu. Nintendo ya rufe sayayya a shagon Wii U da 3DS a watan Maris na 2023. Microsoft ya rufe na Xbox 360 ranar 29 ga Yuli 2024. Sony ma ya sanar da rufe na PS3 a 2021, sai da jama'a suka yi ca kafin ya janye. Wasan da yake kan faifai ana iya samun na hannu a kasuwa bayan shekara ashirin. Teburan finbol na zamani kuwa kusan duk saukewa ake yi ɗaya bayan ɗaya, in shago ya rufe babu inda za ka tsinci na hannu.

Space Cadet ɗin naka ma irin wannan mutuwar ya yi, ta wata ƙofar. Asalinsa tebur ne daga cikin Full Tilt! Pinball na 1995, wanda kamfanin Cinematronics ya rubuta, Microsoft ya karɓi lasisinsa. Da aka zo mayar da Windows tsarin bit 64, sai ƙwallon ya riƙa ratsa sandar harbi yana faɗawa ƙasa. Raymond Chen, injiniyan Microsoft, ya bayyana daga baya cewa rubutun manhajar na wani kamfani ne, babu bayani a jikinsa, babu wanda ya gane kansa, ga aiki ya yi musu yawa, sai suka cire shi. Shi ya sa ba ka gan shi a Windows Vista ba.

To me sabuwar na'ura take ƙara wa wasan? Ba abin da tallace-tallace suke nunawa ba ne. Hoto ya daɗe da isa inda ake so. Fasahar bin hasken nan da ke sa fitilun tebur su riƙa sheƙi a jikin ƙwallo tana da kyau a ido, amma bayan minti goma ka manta da ita. Abin da ya rage shi ne lokaci da taɓi.

Ƙwallon gaske ƙarfe ne mai nauyin kusan giram 80, faɗinsa milimita 27, yana gangarowa a kan katakon da aka karkata kusan digiri shida da rabi. Gwanaye ba sa dukansa duk sanda ya zo. Suna tare shi ya tsaya cak a kan fiffike, su miƙa shi zuwa ɗaya fiffiken, su bar shi ya yi tsalle da kansa ba tare da sun taɓa maɓalli ba, su girgiza injin daidai gwargwado ba tare da ya kama su ya kashe fikafikan ba. Da irin wannan ƙwarewar wani gwanin finbol, Roger Sharpe, ya tsaya gaban majalisar birnin Niyok a 1976 ya nuna finbol ba caca ba ce, aka ɗage haramcin da aka ɗora wa wasan tun 1942. Duk dabarun nan sun rataya ne a kan ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. A hoto 60 cikin daƙiƙa, tsakanin wannan hoto da na gaba akwai kusan kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa. A 120 ya ragu zuwa rabi. PS5 da Xbox Series X suna iya fitar da 120 in wasan da talabijin sun yarda, kuma a wasan da ƙwallo ke gudu haka, bambancin yana jiyuwa a yatsa. Sai dai talabijin ɗin falo da ba a sa ta a yanayin gem ba tana iya cinye ribar nan gaba ɗaya da jinkirinta. Kafin ka zargi wasan, duba saitin talabijin ɗinka.

Akwai abin da ƙarfin na'ura ba zai gyara ba. Teburin finbol dogo ne, tsawonsa ya ninka faɗinsa, talabijin kuwa a kwance take. Dole kyamara ta riƙa bin ƙwallo, ko a matse teburin a tsakiya a bar gefe biyu a banza. Shi ya sa Switch ta Nintendo, duk da ta fi PS5 da Xbox rauni, ta samu karɓuwa wajen masoya: ana juya ta a tsaye a ga teburin duka. Kwamfuta ma haka, har wasu na gina akwati mai siffar inji na gaske su kwantar da allo a ciki, kuma kamfanin AtGames na sayar da irinsa a haɗe. Gilashin VR, wanda ake ɗaurawa a ido a ga kamar ana cikin wasan, ya warware matsalar ta wata hanya, domin kana tsaye ne a gaban teburin kana leƙa shi yadda ka ga dama, kuma Zen na yin wannan tun 2016. A ganina ci gaba na gaske daga nan zai zo, ba daga PlayStation ta gaba ba.

Wani abu kuma da na'urorin falo suka jawo: don FX3 ya ci gaba da zama wasan da yara za su iya bugawa, an gyara zanen wasu teburan Williams, an rufe jiki a nan, an goge taba a can. Wasu iyaye za su ce madalla, masu adana tarihi kuwa suka ce an taɓa musu kaya. A ƙarshen 2023 Zen ya ware teburan manya zuwa wani wasa daban, Pinball M.

Rumbun ajiya na gaskiya yana kan kwamfuta, a hannun 'yan sa-kai. Visual Pinball, wanda ake gina tebura a buga su a cikinsa, ya fito a 2000, an buɗe rubutun manhajarsa ga kowa a 2010, kuma tare da PinMAME, wadda ke kwaikwayon ƙwaƙwalwar injinan asali, masoya sun sake gina ɗaruruwan tebura kyauta, wasu ma sun fi na sayarwa kama da na gaske. Haɗa shi akwai wahala, kuma manhajar injinan tana da masu haƙƙi, don haka ba za ka taɓa ganinsa a shagon Sony ba. Amma babu wa'adin da zai ƙare a kwashe maka shi.

Hasashena shi ne wasan ba zai mutu ba, kuma ba zai zama babba ba. Kasuwar ƙarama ce, 'yan kamfanoni ne ke riƙe da ita, Zen da Magic Pixel, masu Zaccaria Pinball, su ma a Hungari suke. Stern, babban mai ƙera injina na gaske a yau, yawancin sababbin teburansa ba su kan kowace na'urar gem. Ɓangaren da ya gyaru shi ne na gado tsakanin na'urori: tun daga PS4 da Xbox One, Sony da Microsoft suna kan tsarin ƙwaƙwalwar na'ura iri ɗaya na kamfanin AMD, shi ya sa tsohon wasa ke tashi a sabuwar na'ura, saɓanin PS3 da aka gina a kan wani tsari na daban. Switch 2 ta 2025 ita ma tana karɓar yawancin wasannin Switch. Muddin suka ci gaba a haka, abin da ka saya zai ci gaba da tashi. Abin da nake sa ran zai ƙaru shi ne tura mutane ga biyan wata-wata, da sake sayar da tebur ɗaya duk lokacin da aka canja inji ko lasisi ya koma wani hannu.

Shawarata gare ka: ka koma PS5 ɗinka, ka ci gaba da FX3. Sabon Pinball FX kyauta ake sauke shi, da 'yan tebura na gwaji, ka buga ka ji ko motsin ƙwallon ya yi maka kafin ka fitar da kuɗi, kuma kada ka sake sayen komai sai tebur biyu ko uku da ka san kana komawa kansu, lokacin ragi. Ka kula da akawun fiye da na'urar. Tun da PlayStation ba ta da shagon Najeriya, yawancinmu da akawun ɗin Amurka ko Ingila muke sayayya da katin kuɗi, kuma teburan da ka saya a shagon wata ƙasa suna tafiya ne da wasan da aka sauke daga shagon ƙasar. In mai shago ne ya loda maka su da akawun ɗinsa, to nasa ne, ba za su bi ka ko'ina ba. In naka ne, ka tabbata imel ɗin da lambar sirrin suna hannunka, ka kunna saitin da ke ba PS5 damar buɗe wasanninka ba tare da intanet ba, sannan ka sauke teburan duka tun kafin ka sayar da PS4 ɗin.