Laburare ko gida: amsa ga ɗalibin likita da jarrabawa ta ƙarato

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonka ya iso ni. Ka ce jarrabawar ƙarshe ta ƙarato, kuma ka rasa inda za ka tsayar da karatunka, ko ka riƙa wuni a laburare tare da abokan karatunka a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko kuwa ka zauna a gidanku da ke Kurna, inda kake da shagonka kai kaɗai, ka huta da kuɗin Adaidaita Sahu da cunkoson hanya.

A matsayina na likita, abin da zan fara jawo hankalinka a kai shi ne, jarrabawar da ke gabanka ba iri ɗaya ba ce, saboda haka ba wuri ɗaya ne zai ishe ka shirinta ba. Akwai ta rubutu, akwai ta baka, akwai kuma ta gefen gado, inda za a tsayar da kai a kan maras lafiya a ce ka duba shi malamai suna kallon hannunka. Ka kuma sani cewa makin ci 50 ne cikin 100, kuma wanda ya faɗi ɓangaren duba maras lafiya bai ci darasin ba, komai kyan abin da ya rubuta a takarda. Duk shawarar da za ka yanke kan wurin karatu, ka auna ta da wannan.

Amfanin laburare a garin nan a bayyane yake, kuma ba littattafai ne babbansa ba, tunda mafi yawanku yanzu a waya da kwamfuta kuke karatu. Babban amfaninsa shi ne wuta da fanka da kuma rashin mai aiken ka. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40, kuma ɗalibin da ya zauna a ƙarƙashin rufin kwano da azahar bayan an ɗauke wuta, gumi yana ɗiga a kan takardarsa, ba zai fahimci yadda ƙoda take tace jini ba ko da ya maimaita shafin sau goma. Sabon karatu mai nauyi, wanda yake bukatar ka zauna awa biyu ko uku ba tare da an katse ka ba, a laburare ya kamata ka yi shi, kuma da safe, kafin jiki ya mutu.

Amma laburare yana da cutarsa, kuma na daɗe ina ganin tana kama ɗalibai masu ƙwazo. Mutum zai yi sammako ya kama kujera, ya jibge littattafai a gabansa, ya wuni yana bin layuka da alƙalami mai launi, idan ya tashi da magariba sai ya ji a ransa ya yi aiki, alhali idan ka rufe littafin ka ce ya faɗa maka abubuwan da ke kumbura saifa, sai ya tsaya yana kallon sama. Ido ya saba da shafin, shi kuwa ya ɗauka sani ne. Sannan ga raɗe-raɗin da ke yawo a bakin ƙofa cewa malam wane ba ya barin tambaya kaza, ga kallon na kusa da kai yana babi na talatin kai kana na goma, wanda ba abin da yake ƙara maka sai faɗuwar gaba.

A nan ne gida yake da abin da laburare ba zai ba ka ba, wato damar ɗaga murya. Ka tuna yadda ka yi karatun allo. Malam yana biya maka, ka koma gefe ka yi ta maimaitawa da ƙarfi, sannan ka kife allon ka kawo hadda, kuma ba a yarda ka iya ba sai an ji daga bakinka. Masu binciken yadda ƙwaƙwalwa take riƙe abu sun tabbatar da hikimar wannan hanya, domin ƙoƙarin tuno abu ba tare da duba littafi ba ya fi sake karanta shi kafa shi a kai. Tun a 1885 wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne jim kaɗan bayan an koyi abu, kuma bita a lokuta daban-daban tana rage ta. Saboda haka abin da ka karanta da safe a laburare, ka rufe ƙofar shagonka bayan sallar isha'i ka faɗe shi da baki kamar kana gaban malamai, ka jero jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa da yadda ake gwada kowacce, ka faɗi matakan ceto mai ciki da ta zo da jijjiga ɗaya bayan ɗaya, inda ka cije ka buɗe littafi ka duba, sannan ka sake rufewa.

Sai dai gidan Bahaushe ba ya barin ɗalibin likita ya zama ɗalibi. Tun kana aji biyu unguwa ta naɗa maka sunan Likita, kuma na tabbata ba a rasa mai yin sallama da takardar gwajin jini a hannu, ko gwaggon da za ta aiko a ce ka zo ka auna mata hawan jini, ban da ɗaurin aure da suna da gaisuwar rasuwa, waɗanda ba a cewa ba za a je ba. Kai ba za ka iya korar kowa ba, kuma bai kamace ka ba. Abin yi shi ne ka sami Alhaji da Hajiya ka yi musu bayani cikin ladabi, ka gaya musu ranar farawa da ranar gamawa, domin idan uzurin ya fito daga bakinsu ba wanda zai ga baƙinka. Idan ka san hakan ba zai yiwu a gidanku ba, to kada ka yaudari kanka da zancen zama a gida.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wanda ba ka ambata ba a saƙonka. Duk shekara, da jarrabawa ta matso sai ɗakunan marasa lafiya su zama babu ɗalibi ko ɗaya, kowa ya gudu ya rungumi littafi, alhali rabin abin da za a tambaye su yana kwance a kan gadajen nan. Ba a koyon lalubo hanta a laburare. Sai ka ɗumama tafin hannunka, ka nemi izinin maras lafiya, ka sa shi ya kwanta ya saki cikinsa, ka faro daga ƙasan ciki ta dama kana hawa a hankali yana jan numfashi, har ka ji bakin hantar ya taɓo yatsunka. Mai jarrabawa yana gane wanda ya yi wannan sau da yawa tun daga yadda ya tsaya a gefen dama na gadon. Haka nan ɗaukar tarihin ciwo: uwa za ta ce maka yaron yana da shawara, ko ta ce iska ce ta taɓa shi, kai ne za ka bi ta da tambaya cikin haƙuri har ka gane ko sikila ce, ko zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, ko sanƙarau, sannan ka juya ka gabatar wa malamai da shi cikin 'yan mintuna. Tunda laburaren da kake magana yana cikin harabar asibitin, wannan kaɗai ya isa ya rinjayar da ni zuwa gare shi. Ka ware awa guda ko biyu bayan la'asar, ku shiga ku biyu ko uku, ɗaya yana dubawa sauran suna yi masa gyara.

Game da nisa kuwa, daga Kurna zuwa Titin Zariya tafiya ce, kuma ban yarda ka riƙa kai dare a hanya da waya da kwamfuta a jaka ba. Ka fito bayan sallar asuba kafin hanya ta cushe, ka kama hanyar gida kafin magariba. Kwanan zaune da shayi da goro ma ban ba ka shawararsa ba, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka zuba mata da rana. Idan makon jarrabawar ya zo, ka nemi abokin da zai ba ka wurin shimfiɗa a ɗakin kwanan ɗalibai, don kada cunkoson safiya ya sa ka shiga gaban malamai kana haki.

Ranar Litinin ina da zagayen marasa lafiya da safe, ka same ni a can da abin sauraren ƙirjinka, in ga yadda kake duba ciki. Ka gaida Alhaji da Hajiya.