Amsa ga Yaya kan allurar mura mai wata shida

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yaya, na saurari muryarka, na kuma ga saƙon da aka turo cikin zauren nan mai cewa an gano allura guda ɗaya da ke hana mura har tsawon wata shida. Ka tambaya ko gaskiya ne, amma na san abin da ke ranka shi ne Hajiya, wadda ke fama da ciwon suga kuma za ta tafi Umra cikin sanyin nan, kana son ka ji ko akwai inda za a samo mata kafin ta tashi. Babu. Maganin yana hannun masu bincike, ba a ba shi izinin sayarwa ba, kuma duk wanda ya ce maka yana da shi a shagonsa, a nan Sakkwato ko a Kano ko a Legas, kuɗinka yake so. Abin da ya kamaci Hajiya shi ne allurar rigakafin infuluwenza ta shekara-shekara, wadda hukumar lafiya ta Saudiyya ke shawartar maniyyata su yi, kuma a yi mata aƙalla mako biyu kafin tafiya, domin garkuwar jiki ba ta gama haɗuwa kafin haka. A tambayi likitan da ke duba sugarta inda za a same ta.

Murar da ake magana a kanta ba ita ce ta atishawa da yoyon hanci da hazon hunturu ke tayar mana ba. Infuluwenza ake nufi, ita kuwa tana zuwa ne farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, da ciwon gaɓoɓi, da busasshen tari, ta kayar da ƙato kwana da kwanaki, tsoho kuwa ko mai suga ko mai asma tana iya sauka masa a huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum tsakanin 290,000 zuwa 650,000 a kowace shekara.

Allurar da saƙon ke nufi sunanta CD388, aikin wani kamfani ne na Amurka mai suna Cidara. Ba sabon sinadari suka ƙirƙiro ba. Tsohon magani ne, zanamivir, wanda ake shaƙa tun 1999 kuma jiki ke saurin fitar da shi, suka ɗaure da yawa daga cikinsa a jikin wani guntun furotin na garkuwar ɗan Adam, irin wanda ke daɗewa a cikin jini, sai ya zama maganin yana zagayawa watanni maimakon sa'o'i. Aikinsa shi ne hana ƙwayar cutar ɓallewa daga ƙwayar halittar da ta kama domin ta yaɗu zuwa wata. A watan Yunin 2025 suka bayyana sakamakon gwaji na mataki na biyu, cikin matakai uku da ake bi kafin a ba magani izini, wanda aka yi wa mutum sama da 5,000 a Amurka da Birtaniya, inda mafi girman awo, wato miligiram 450 da aka yi sau ɗaya a ƙarƙashin fata, ya rage kamuwa da kusan kashi 76 cikin 100 a tsawon mako 24. Wannan sakamako ne mai kyau ƙwarai, ba na raina shi. Sai dai mai turo saƙon bai gaya muku cewa waɗanda aka yi wa gwajin masu ƙoshin lafiya ne 'yan shekara 18 zuwa 64 ba, wato babu sa'ar Hajiya ko ɗaya a cikinsu. Tsofaffi da masu larura sai a mataki na uku aka sa su, wanda aka fara a ƙarshen 2025. A Nuwamban shekarar kuma kamfanin Merck ya amince zai sayi Cidara a kan kimanin dala biliyan 9.2, kuma wanda ya zuba irin wannan dukiya ba sadaka zai raba maganin ba. Batun farashi dai bari in bar shi nan, domin ran mutum ɓaci yake yi.

Dalilin da ya sa masana suka zaƙu da shi shi ne ba rigakafi ba ne irin wanda muka saba. Rigakafi koya wa jiki yake yi ya kare kansa, saboda haka tsoho ko mai shan maganin sankara ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, jikinsa ba ya amsawa yadda ake so. Ga shi kuma sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, Hukumar Lafiya ta Duniya ke zaɓen nau'in ƙwayar da za a haɗa rigakafin da ita, kuma wani lokaci ƙwayar kan sauya kafin kakar ta zo. Shi wannan magani ne da ke zaune a jini yana aikinsa ko da garkuwar mutum ta yi rauni.

Amma ni abin da ya fi ja hankalina ba dabarar haɗa shi ba ce, halinmu ne. Ku ɗauki oseltamivir, wanda aka fi sani da Tamiflu. Kafso goma ne, safe da yamma, kwana biyar, kuma ana so a fara cikin sa'a 48 da soma ciwo. Wane ne a cikinmu yake isa asibiti cikin sa'a 48? Ranar farko farasitamol ne da shayi mai citta. Rana ta biyu a tura yaro kemis, mai shago ko ganin marar lafiyar bai yi ba ya ƙulla maganin maleriya da kafson kashe bakteriya a leda, alhali kafson nan ba ya taɓa ƙwayar bairos da ke haddasa infuluwenza ko kusa. Rana ta uku a ce a ƙara ruwa a gida. Sai tari ya koma huhu, numfashi ya fara sarƙewa, sannan a ɗauko dattijo a keke Napep zuwa asibiti, a ce likitoci sun kasa. Wanda ya yi sa'a aka rubuta masa magani daidai kuma, da zarar zazzaɓi ya sauka sai ya ajiye. Na sha ganin uwa ta kwance bakin zanenta ta fito da katin magani da ya lanƙwashe, an ɓalle huɗu an bar shida, ta ce ta adana ne saboda ƙaninsa idan ya kamu. Ba na ganin laifinta, talauci ne da rashin bayani, amma mai shagon da ke sayar da rabin kati ya san abin da yake yi, kuma na gaji da faɗa.

Shi ya sa maganin da ake sha sau ɗaya a gama ya fi dacewa da mu a kan waɗanda suka ƙera shi. Irinsa ma ya riga ya fito. Japan ta amince da laninamivir tun 2010, wanda ake shaƙa sau ɗaya tak. Akwai peramivir da ake bayarwa sau ɗaya ta jijiya. Sai baloxavir, mai sunan kasuwa Xofluza, na kamfanin Shionogi, wanda Japan da Amurka suka amince da shi a 2018, shi kuma haɗiya ɗaya ce, yana hana ƙwayar cutar hayayyafa tun daga tushe. An gwada shi a Japan a kan mutanen da ke gida ɗaya da mai infuluwenza, sai kusan kashi 2 cikin 100 na waɗanda suka sha suka kamu, a kan kusan kashi 14 na waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a ciki. Ku auna wannan da gidajenmu, inda mutum ashirin ke cin tuwo a tsakar gida ɗaya. Sai dai ko da ya iso mana, akwai sharaɗin da sai an nanata wa Basakkwace: ba a haɗa shi da madara ko nono ko maganin ƙarin jini ko na gyambon ciki mai alli, domin suna hana hanji tsotse shi. Wanda ya kora shi da fura da nono ya rage wa kansa amfaninsa.

Tunanin ba mutum magani kafin ciwo ya zo ba baƙo ba ne a wurinmu, tun da kowace damina ana bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin kariya daga maleriya wata-wata. Abin da ya sa wancan ya yi aiki shi ne an san lokacin da sauro ke yawa. Wata shida na CD388 an auna shi ne da hunturun Turai da Amurka, mu kuwa a ƙasashe masu zafi infuluwenza tana iya zuwa a kowane lokaci na shekara, kuma ba kasafai ake gwada marar lafiya a tabbatar ita ce ba. Idan ba mu san watan da ta fi kama mutane a Sakkwato da Kebbi da Zamfara ba, a wane wata za a yi allurar? Wannan aikin masu bincikenmu ne na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin koyarwarta, ba wanda zai zo daga waje ya yi mana.

Malam, kai kuma da ka rubuto cewa daga yanzu an gama da mura, ka yi haƙuri, ba a gama ba. Amantadine, wani tsohon maganin infuluwenza, ya yi shekaru yana aiki, amma a 2006 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a daina amfani da shi saboda ƙwayar ta daina jin sa. Baloxavir ma tun a gwajinsa aka ga ƙwayar ta sauya a jikin wasu marasa lafiya, musamman yara, ta rage jin maganin. Ga murar tsuntsaye ta H5N1, wadda a Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a Afirka a wata gonar kaji a jihar Kaduna, kuma har yau takan ɓulla a gonakinmu. Masu kiwon kaji da ke cikin zauren nan, idan kuka ga suna mutuwa da yawa a rana ɗaya, kada a yanka a kai kasuwa, a kira likitan dabbobi, kuma kada yara su taɓa mushen.