Kwarin Douro ga wanda ba ya shan giya

Tambaya: Assalamu alaikum. Aiki zai kai ni birnin Porto na Fotugal a watan Satumba, kuma abokan tafiya sun ware kwana guda don zuwa gonakin inabi na Douro. Ni ba na shan giya. Akwai abin gani, ko in yi zamana a masauki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka je, ƙasar kanta ta isa kallo. Tun 1756 hukuma ta shata iyakar yankin noman inabin, wanda ke kwarin kogin Douro, a 2001 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Da hannu aka sassaƙe gangaren duwatsun hawa-hawa, aka tokare kowane hawa da katangar dutse, sannan aka dasa inabi.

Jirgin ƙasa ya fi. Daga tashar São Bento da ke Porto zuwa garin Régua kamar awa biyu ne, garin Pinhão na gaba kaɗan. Zauna a hannun dama, ta nan kogin yake, amma sai an yi nisa zai bayyana. A Régua akwai gidan tarihin Douro. Tashar Pinhão kuwa bangonta tayil ne shuɗi mai zanen masu girbi, kuma daga bakin ruwa ana yawon awa ɗaya a jirgin rabelo, irin wanda a da yake dakon gangunan giya zuwa Gaia, garin da ke tsallaken kogi daga Porto.

Ka yi dace, Satumba lokacin girbi ne. A wasu gonakin, da ake kira quinta, har yau da ƙafa ake tattake inabi cikin kwarmin dutse. Dalili kuwa, tafin ƙafa yana fasa ɗan inabi ba tare da ya murƙushe ƙwallon ba, shi kuwa ƙwallon in ya fashe ɗaci yake kawowa. Sai dai ba a zuwa gonakin kwatsam. Ku kama wuri tun da wuri, ka sanar cewa zagaye kawai za ka yi, ban da ɗanɗano.

Inda ake tuntuɓe shi ne zaƙi. Giyarsu mai suna port zaƙi gare ta kamar lemo, alhali barasar cikinta ta kai kashi 20 cikin 100, kuma ana zuba ta a romon nama da kayan zaƙi. Ka riƙe "sem álcool", wato babu barasa, ka tambaya kafin ka kai baki. Tsaraba, ga man zaitun da zuma.

Kwarin na da zafi ko a Satumba, ka riƙe ruwa da hula. Jiragen ƙasa na komawa Porto ba su da yawa, da ka sauka ka duba lokacin na ƙarshe.