Amsa ga mai neman fili a rediyon jami'a

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce kana son gabatar da shiri kyauta a rediyon makarantarku, amma ba aikin jarida kake karanta ba, ta ina za ka faro? Na yi aikin sa-kai a irin wannan tasha ina ɗalibi, ga abin da na gani.

Batun sashe kar ya dame ka. Tashoshi irin su BUK FM 98.9 a Kano da Unilag FM 103.1 a Legas don horar da ɗalibai da hidimar jama'a aka kafa su, ba don riba ba. Ɗan sashen noma da zai iya bayanin tsutsar masara da Hausa tsantsa ya fi musu amfani a kan mutum goma masu son karanta gaishe-gaishe.

Sai dai kar ka shiga wurin shugaban shirye-shirye da "ina da murya". Kowa ma haka yake cewa. Fargabarsa ita ce ya ba ka minti 30 duk Talata, ka yi sati uku, jarrabawa ta zo, ka yi ɓatan dabo. Na sha ganin mai kula da na'ura yana ta maimaita jingil ɗaya, wato 'yar gajeriyar waƙar tallar tasha, idonsa a ƙofa, mai shiri ya kashe waya. Don haka ka je da takarda mai ɗauke da sunan shirin, su wa ake yi dominsu, da maudu'i 13, wato na wata uku, tare da baƙin da za ka iya kawowa. Ka haɗa da gwaji na minti biyar. Wayarka ta isa, ka shiga ɗaki mai labule da katifa don kar murya ta yi amo, ka gyara da manhajar tace sauti ta Audacity, kyauta ce.

Ko ya burge su, da wuya su miƙa maka makirfo nan take. Karɓi aikin da kowa ke gudu: ɗauko muryoyin jama'a a kasuwa, fassara labarai, tace kiran masu sauraro. Ranar da wani bai zo ba, wanda ke zaune a sutudiyo ake cewa ya shiga.

Siyasa da addini kai-tsaye kuwa, ka jingine su tukuna. In mai kira ya yi katoɓara, tashar ce hukumar NBC mai sa ido a kan gidajen rediyo da talabijin za ta tuhuma, kai kuma a ranar za a karɓe filin. Kuɗin mota da na data ma ka tanadi naka, don ba lallai a ba ka ko sisi ba.